Ba yawan itace ba, inda aka dasa shi



Duk wanda ya taɓa zama a bakin gudron a Gazawa ko Agye ya san abin da zan faɗa. Hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Agye da Gazawa har Damagaram. Manyan motoci na wucewa da baƙin hayaƙi, ƴan kabu-kabu na biye. A gefe kuwa mai ƙosai ce da goyonta, ga ƴan makaranta. Su ke shaƙarsa.

Kowace ranar 3 ga watan Agusta mukan dasa itace, a ɗauki hoto, a watse. Amma fa itace ba ya haɗiye hayaƙi kamar yadda muke zato. Ganye na kama wani abu na ƙura, gaskiya ne. Sai dai abin da ke kwashe hayaƙi daga hancinmu iska ce.

Ku duba matsattsen titin kasuwa, shaguna dama da hagu, dogon yaro ya haɗe a sama. Inuwa akwai daɗi, amma ya zama murfin tukunya: hayaƙi ya rasa mafita, ya tsaya daidai inda muke numfashi. A irin wannan wuri a ba da tazara, a riƙa sassabe rassa.

A buɗaɗɗiyar hanya kuwa, irin wadda mu ƴan Gangara ke hawa in za mu birni, abin da ya fi amfani shi ne shinge mai duhu tun daga ƙasa, wanda ya kai tsayin mutum, tsakanin mota da jama'a. Ku tuna, hancin yaro ya fi namu kusa da bututun hayaƙi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne gare mu. Manoman Ɗan Saga, nan cikin Agye, da sassaben zamani suka farfaɗo da gonakinsu: sun san reshen da za a bari da wanda za a yanke. Har daga ƙasashen waje ana zuwa koyo.

To ga roƙona. Kafin Agusta, kowace unguwa ta ƙirga makarantu da gidajen likita da ke bakin gudron. Mu kai wa magajin gari da ma'aikatan gandun daji jerin, mu ce nan za a fara. Kuma kowane shinge a san mai ba shi ruwa da rani.

Allah ya ba mu lafiya.