Yadda Mutum Zai Faɗi Sunansa da Turanci

Yau zan yi muku magana bisa abin da mutum zai ce ran da ya fara gamuwa da mutumin Ingila, ko wajen neman aiki, ko wajen ciniki. Ku sani hanya biyu ce, akwai ta girmamawa, akwai ta abokai. Wanda ya rikita su ya kan ji kunya, wani lokaci ma aikin ya kuɓuce masa tun bai zauna ba.

Ga ta girmamawa. In ka shiga ofis kafin ƙarfe 12 na rana, sai ka ce, "Good morning." Bayan sha biyu, "Good afternoon." Da almuru, "Good evening." Amma "Good night" sallama ce, ba a buɗe magana da ita. Sa'an nan ka faɗi sunanka da na mahaifinka, "My name is Musa Bello." Kada ka kira kanka "Mister", wannan girma ne da wani ke ba ka. In ya faɗi nasa, ka ce, "Pleased to meet you," watau ka yi murna da saninsa. In sunansa John Smith, kira shi "Mister Smith", da sunan gidansu, ba "Mister John" ba.

Ta abokai kuwa gajeruwa ce. Sai ka ce, "Hello, I'm Musa," ko "Hi", shi ke nan. Wannan ta tsara ce da abokan aiki.

Mu a nan sai mun tambayi gajiya, da iyali, da aiki, kana mu sunkuyar da kai don ladabi. Su ba haka su ke yi ba. In an ce maka "How are you?" amsa a taƙaice, "Fine, thank you." Ka tsaya sosai, ka dubi fuskarsa, ka ba shi hannu. Gajeruwar gaisuwarsu ba raini ba ce, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

To, in ka rasa wadda za ka ɗauka fa? Ɗauki ta girmamawa, ka riƙe ta har shi da bakinsa ya ce, "Call me John." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ku yi ta maimaita kalmomin nan tsakaninku har bakinku ya saba. Allah ya ba mu sa'a, amin.