Satiru da Alƙahira: Wa Ke Biyan Kuɗin Harsashi?



Ina so mu waiwayi al'amura biyu da suka auku a ƙarƙashin mulkin Ingilishi, ɗaya a ƙasarmu, ɗaya a nesa.

A Satiru, kudu da birnin Sakkwato, kiran Mahadiyya ya daɗe yana tafiya a asirce, har Malam Isa ya haɗa kai da Ɗan Makaho wanda ya tsallako daga yankin Faransa. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, mutanensu suka auka wa ayarin Turawa da gatura da fartanyu, suka kashe Muƙaddashin Razdan Preston-Hillary da wasu Turawa biyu da sojoji fiye da 20. Ranar 10 ga Maris sojojin Gwamna Lugga suka dawo. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

Bayan shekara 38, a Alƙahira, wasu samari biyu na Lehi, ƙungiyar sirri ta Yahudawan Falasɗinu masu yaƙar Ingilishi, suka harbe Lord Moyne, ministan Ingila a Gabas ta Tsakiya, tare da direbansa, ranar 6 ga Nuwamba, 1944. An rataye su a Maris 1945. Shugabannin Yahudawa kuwa suka juya wa masu ɗaukar makami baya, suka miƙa ɗaruruwan 'yan ƙungiyar Irgun ga 'yan sandan Ingila.

Ku duba: a wuraren biyu, kisan bai kori Bature a ranar ba, sai dai ya raba gida biyu, manya suka koma gefen mai mulki. Bambancin shi ne a Alƙahira mutum biyu aka rataye, a Satiru gari guda aka shafe, har da waɗanda ba su ɗaga ko sanda ba.

Mu mutanen Sabon Birni da Isa ba sai an fassara mana kufai ba. 'Ya'yan garuruwan da suka watse suna zaune a azuzuwanmu. Idan za mu koya musu Satiru, mu faɗi zaluncin mulkin mallaka ba ragi, mu yaba ƙin wulaƙanci, sannan mu tambaye su: da makami ya yi magana, a kan wa hukunci ya sauka?

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.