Jawabin Magatakarda a Bikin Cika Shekara: Haƙƙin Ɗan'uwan da Ya Samu Rauni a Laka

Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, wakilan rassanmu na Nijeriya da na Nijar, direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako da suka amsa gayyata, barkanmu da ganin wannan rana.

Ma'aji ya karanto lissafin kuɗi, shugaba ya yi bayani kan harkar iyaka da kwastan da duwan. Mu kuma a ofishin magatakarda an ce mu yi magana kan walwalar mambobi. Mun zaɓi abu guda, wato ɗan'uwanmu ko 'yar'uwarmu da hatsari ya taɓa wa laka, da abin da ya wajaba a kanmu daga ranar da abin ya faru har ranar da zai koma neman abincinsa.

Sana'armu a kan hanya take. Daga Kano zuwa Katsina, Jibiya, Dan Isa har Maraɗi. Daga Sakkwato zuwa Illela da Ƙonni. Daga Daura zuwa Kongolam, Matamaye har Damagaram. Wani yana saman tirela a kan buhunan albasa, wani yana bayan babur da jarkoki, wani ya ɗora buhun wake a ka yana hawa katakon lodi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka a duniya, kuma manyan abubuwan da ke jawo shi su ne faɗuwa da hatsarin hanya. Duk wanda ke zaune a wannan zaure ya san waɗannan biyun ba baƙinmu ba ne.

Bari mu fara da sanin laka. Gadon bayan mutum ƙasusuwa ne 33 a jere, bakwai daga cikinsu a wuya, 12 a daidai ƙirji, biyar a ƙugu, sauran a ƙasa. Laka tana bi ta cikinsu, ita ce ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta kuma komo da saƙon gaɓoɓi. Mun ga yadda aka rufe iyaka a 2019 da kuma 2023: kaya na nan, masu saye na nan, amma babu wucewa. Haka raunin laka yake. Ƙafa lafiyarta ƙalau, sai dai saƙo ba ya isa gare ta. In raunin a wuya ne, yakan shafi hannuwa da ƙafafuwa, wani lokaci har da numfashi. In a ƙasa ne, hannuwa sukan tsira. Akwai wanda hanyar ta toshe masa gaba ɗaya, akwai wanda wani saƙon ke ratsawa, shi ya sa mutum biyu za su yi hatsari ɗaya amma samun sauƙinsu ya bambanta.

Taimako na farko a bakin hanya yake. Mutanenmu masu tausayi ne, da mota ta faɗi za ka ga an ruga, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a naɗe mutum a cusa shi bayan ƙaramar mota ko a ɗora shi a babur. Ƙashin da ya tsage bai riga ya taɓa laka ba, wannan ɗaukar tana iya sa ya taɓa ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In wanda ya ji rauni ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunsa, ko kuma ya suma, a ɗauka cewa lakarsa na cikin haɗari. Kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. In dole sai an matsar da shi, mutum huɗu su juya shi lokaci ɗaya kamar gungume, a ɗora shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa, a tare kansa da tsumma ta gefe biyu. A Nijeriya lambar hukumar kiyaye haɗura 122 ce, a Nijar ta 'yan kwana-kwana 18 ce. Kowane direba ya adana su a wayarsa.

Daga nan sai asibiti, ba tare da ratse ba. Muna girmama masu ɗori, da yawanmu sun amfana da su a karayar hannu ko ƙafa. Amma laka ba ƙashi ba ce, ja da murza da danna baya suna iya ƙarasa abin da ya rage. Sai an ɗauki hoto kafin a san abin da ya faru a ciki, kuma wani raunin yana buƙatar tiyata da wuri. A yankinmu akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato inda ake aikin ƙwaƙwalwa da laka, akwai manyan asibitocin Yamai da Maraɗi da Damagaram. Mu ƙara da cewa ba hatsari kaɗai ke kwantar da mutum ba. Tarin fuka yana shiga ƙashin baya ya danne laka. Wanda ya daɗe da ciwon baya, yana ramewa, ƙafafunsa na yin nauyi, ya je a gwada shi, domin wannan yana da magani.

'Yan'uwa, wahala mai tsawo tana farawa ne ranar da aka sallami mutum ya koma gida. Abin da ya fi kashe masu raunin laka a ƙasashe irin namu shi ne cututtukan da ke biyo baya, kuma yawancinsu ana iya kauce musu.

Na farko gyambon kwanciya. Mai lafiya yana juyi cikin barci ba tare da ya sani ba. Wanda ba ya jin jikinsa ba ya juyi, sai fata ta mutu a ɗuwawu da ƙugu da diddige. Maganinsa a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a sa matasai tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙafa, a tabbatar shimfiɗa a bushe take, a duba fatarsa safe da yamma. In ya fara zama a keke, ya riƙa ɗaga jikinsa ko karkatawa duk bayan minti 15 zuwa 30.

Na biyu fitsari da bayan gida. Da yawa sai da robar fitsari, kuma rashin tsabtarta ko barinta ta wuce lokacin canji yana kawo cutar da ke iya hawa har ƙoda. Wasu sukan rage shan ruwa don kunyar wahalar da mai jinya, wannan kuwa yana ƙara cutar. Wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, in ya kamu da matsanancin ciwon kai farat ɗaya, yana gumi a fuska, jininsa ne ya hau, galibi saboda robar ta toshe. A zaunar da shi tsaye, a sassauta tufafinsa, a duba robar, in bai lafa ba a garzaya asibiti. A zafin watan Afrilu da Mayu kuma a kula, domin sashen jikin da ke ƙasa da raunin ba ya yin gumi yadda ya saba. A ajiye shi a inuwa, a riƙa shafa masa ruwa.

Na uku gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi kullum, don kada su sandare. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watanni shida na farko, wani kuma ya ci gaba har shekara ɗaya ko biyu. Waɗannan watannin su ne masu tsada, kuma a daidai lokacin ne kuɗin gudummawa ke ƙarewa, masu zuwa dubiya su ɗauke ƙafa. Mu yi hattara da masu tallar maganin da wai zai tayar da mutum cikin mako guda. Sun san iyalin da ke cikin damuwa ba ya ciniki.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Mutumin da ya saba kwana a Dawanau ya wayi gari a Maraɗi, yanzu sai an juya shi. Wani ya daina magana, wani ya daina cin abinci, wani ya riƙa faɗa da matar da ke jinyarsa. Ita ma mai jinyar, wadda ke tashi sau uku ko huɗu cikin dare, tana buƙatar wanda zai karɓe ta. In 'yar'uwarmu ce ta kwanta, hajiyoyin ƙungiya su ne za su tsaya a kan a samo mata mace mai kula da ita.

Kada mu ɗauka raunin laka ƙarshen mutum ne. A zamanin yaƙin duniya na ɗaya, yawancin sojojin da suka samu wannan rauni ba su daɗe ba suka mutu. A 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Ya dage a kan juya majinyata, da tsabtar fitsari, da motsa jiki, da koyon sana'a. A 1948 majinyata 16 suka yi gasar harbin baka a kan kekunansu, wadda daga gare ta aka samu gasar nakasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. Yawancin abin da ya yi, hannu da lokaci da juriya yake buƙata, kuma muna da su. A Nijeriya kuma, tun watan Janairun 2019 akwai dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci.

Saboda haka ofishin magatakarda yana gabatar wa wannan taro shawarwari biyar.

Ɗaya, a buɗe asusu na musamman, kowane mamba ya riƙa zuba abin da taro ya yanke duk wata, da naira ko da sefa. A riƙa ba majinyaci kaɗan-kaɗan kowane wata na tsawon lokaci, a saya masa katifa mai kyau da robobi da keken da ya yi daidai da jikinsa, tare da matashin zama.

Biyu, a gayyato ma'aikatan lafiya su koya wa direbobi da yaran mota da 'yan dako yadda ake ɗaukar wanda ya ji rauni, a kuma ajiye katakon ɗauka a kowace tasharmu. Mu kuma rage hawa saman lodi, mu sa hular kwano, mu ɗaura bel.

Uku, kowane reshe ya naɗa mutum biyu masu karɓar ɗan'uwan da ya yi hatsari a ƙasar da ba tasa ba. Takardun asibitin Nijar da Faransanci suke, na Nijeriya da Ingilishi, a samu wanda zai fassara su, a kuma sanar da iyali da wuri. Don haka muna roƙon kowa ya zo ofis ya sabunta sunan magajinsa a rajista.

Huɗu, a kare masa kasuwancinsa. Kada a ba wani rumfarsa, kada a cinye jarinsa a jinya. Ƙungiya ta tsaya a karɓo masa bashin da yake bi, ta nema masa sauƙi wurin masu binsa. Cinikinmu na yau rabinsa a waya ake yi. Wanda ya san farashin aya da wake, ya san dillalai, ya san wanda ke cika alkawari, iliminsa na nan a kansa. A haɗa shi da amintaccen yaro mai bin kaya, shi kuma ya riƙe lissafi da ciniki.

Biyar, a tsara zuwa dubiya bi da bi, domin zumunta a ƙafa take. In an je, a ba shi labarin kasuwa, a nemi shawararsa, a yi magana da shi kai tsaye maimakon a riƙa tambayar matarsa yadda ya kwana. A gyara ƙofar ofishinmu yadda keke zai shiga, in an kira taro a aika mota ta ɗauko shi. Wanda ya daɗe da raunin kuma ya saba da rayuwarsa, a haɗa shi da sabon majinyaci, don maganarsa ta fi tamu shiga.

Muna roƙon shugaba ya sa waɗannan shawarwari cikin ajandar zaman kwamiti mai zuwa, wakilan rassa kuma su kai su ga waɗanda ba su samu zuwa ba. Rajistar asusu za ta kasance a teburin ma'aji da zarar taro ya amince. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu, ya tsare mu a hanya, ya sa mu ga baɗi lafiya.