Furotin PML da Sankarar Jini: Yadda Guba Ta Zama Magani



Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno cikin 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Ashe binciken cuta gado ne gare mu. Yau zan yi magana a kan wani furotin da masana ke kira PML.

A cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu, PML yakan dunƙule ya zama 'yan curi-curi. Curin nan tamkar zaure ne inda masu gadin ƙwaya ke taruwa. Cikinsu har da furotin p53, wanda ke hana lalatacciyar ƙwaya hayayyafa, ko ya sa ta mutu.

Cikin 1957 Leif Hillestad, likita ɗan ƙasar Norwe, ya bayyana wata irin sankarar jini mai kisa cikin 'yan makonni ta hanyar zubar jini. Cikin 1977 Janet Rowley ta Amurka ta gano cewa a masu wannan cuta, kuromosom na 15 da na 17 sun karye, sun yi musayar gutsure. A farkon shekarun 1990 aka gane cewa musayar ta haɗe PML da wani furotin mai karɓar saƙon bitamin A. Wannan gamin gambiza ke wargaza zauren, ya tsai da fararen ƙwayoyin jini cikin ɓargo ba su balaga ba.

Magani kuwa daga ƙasar Sin ya ɓullo. A Harbin, cikin shekarun 1970, Zhang Tingdong ya jarraba gubar asanik. A Shanghai, cikin 1988, Wang Zhenyi da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa wani dangin bitamin A yana sa ƙwayoyin su balaga. Sai 2010 aka tabbatar cewa asanik PML ɗin yake kamawa kai tsaye, jiki ya rushe gurɓataccen furotin, zauren ya sake ginuwa. A gwajin Italiya da Jamus na 2013, an haɗa magungunan biyu ga waɗanda cutar ba ta tsananta musu ba: kashi 97 cikin 100 suna raye lafiya bayan shekara biyu.

To, ina ruwanmu? Hatsarin cutar yana cikin kwanakin farko. Manomi a Goronyo ko yarinya a Rabah, in zazzaɓi da kasala suka haɗu da haɓo, da jinin dasashi, da taruwar jini ƙarƙashin fata ba tare da bugu ba, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne kawai. A gaggauta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a duba jinin. Asanik kuwa guba ce har gobe: sai a hannun likita, bisa awo, take zama magani.