Salga da Rijiya: Matsalar Naitiret a Ruwan Ƙasar Daura



Labarin kafuwar sarautar Daura a bakin rijiya ya faro, watau Kusugu, inda maciji ya hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Wancan abokin gaba ana ganinsa da ido. Na wannan zamani kuwa ba a ganinsa, kuma daga cikin gida yake fitowa.

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma malaman fiƙihu sun koyar da cewa ana gane canjin ruwa ta launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. Wannan ma'auni ya wadatar a sha'anin tsarki, amma bai isa ya kāre lafiyar jariri ba, domin sinadarin da masana ke kira naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano.

Ga yadda yake samuwa. Abin da ke taruwa a salga, ko shadda, ko sokawe na gidajen zamani, musamman fitsari, yana ɗauke da naitirojin. Ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa su ne ke juya shi ya zama naitiret. Ƙasa takan tace yawancin ƙwayoyin cuta, amma ba ta riƙe naitiret. Yakan bi ruwa ya gangara har ya tarar da idon rijiya. Ƙasar Daura kuwa, daga Mai'aduwa zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Baure, galibinta jigawa ce, ruwa na ratsa ta cikin sauƙi, balle da damina. Daɗin daɗawa, a tsofaffin unguwanni gida na jingine da gida, har salgar wani kan yi maƙwabtaka da rijiyar wani.

A shekarar 1945 wani likita mai suna Hunter Comly, a jihar Ayowa ta Amurka, ya bayyana yadda jariran da aka dama wa madara da ruwan rijiya mai naitiret suka yi shuɗi, saboda jininsu ya kasa ɗaukar iskar numfashi. Jariran da ba su kai wata 6 ba su ne suka fi shiga haɗari. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada naitiret ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha.

Wajibi ne a lura cewa tafasa ruwa ba ta kawar da shi. Hasali ma ƙara masa yawa take yi, tun da ruwan ne ke ƙonewa. Abin yi shi ne a bar tazarar da ta kai mita 30 tsakanin salga da rijiya, a haƙa salga ta ɓangaren gangare, a riƙa kai ruwa awo, uwa kuma ta shayar da jinjiri nononta zalla har wata 6. Inda filin gida bai kai ba, sai mai unguwa ya haɗa maƙwabta su yi shawara kafin a sa diga a ƙasa, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba.