Lacca: Gadar Zumunci Ta Kodari



Ƙasar Nepal ba ta da bakin teku. Indiya ta kewaye ta kudu da gabas da yamma, daga arewa kuwa duwatsun Himalaya ne suka raba ta da lardin Tibet na ƙasar Sin. Saboda haka man fetur da yawancin kayan masarufi ta hannun Indiya suke shiga. Wanda ƙofarsa ɗaya ce, kuma mabuɗin yana hannun maƙwabci, bai cika samun barci ba.

A watan Oktoba na 1961 Sarki Mahendra ya ziyarci ƙasar Sin, aka ƙulla yarjejeniya Sinawa su gina hanyar mota daga Kathmandu, babban birnin, zuwa ƙauyen Kodari a bakin iyaka, tafiyar kimanin mil 70. Wannan bai yi wa Indiya daɗi ba, balle da yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Sin a 1962. Duk da haka aka ci gaba da fasa duwatsu, har aka gama hanyar a 1967. Aka raɗa mata sunan Araniko, wani gwanin gini ɗan Nepal wanda ya yi aiki a fadar Kublai Khan a ƙarni na 13. Inda hanyar ta ƙare, a kan Kogin Bhote Koshi mai gudu cikin kwazazzabo, nan aka kafa Gadar Zumunci.

Gadar ba ta da wani tsawo, amma abin mamaki ce. Wanda ya ƙetare ta zuwa gefen Sin sai ya tura agogonsa gaba da awa 2 da minti 15. Direba kuwa ya bar hannun hagu ya koma na dama, kamar dai yadda Nijeriya ta yi a 1972. Shekara da shekaru tufafi da takalma da kayan lantarki na Sin ta nan suke gangarowa, 'yan dako da direbobi da masu masauki suna cin abinci.

Ran 25 ga Afrilu, 2015 ne girgizar ƙasa ta auka wa Nepal, ta hallaka mutum kusan 9,000. Duwatsu suka rufto kan hanya, gadar ta lalace, Sin ta kwashe mazaunan garin Zhangmu da ke tsallake. Cikin shekarar nan kuma aka toshe hanyoyin kudu wata da watanni, mai ya yi wuya ƙwarai. Ashe tsoron Mahendra ba na banza ba ne.

Ciniki ya koma mashigin Rasuwagadhi. Sai a watan Mayu na 2019 aka buɗe sabuwar gada a Kodari, ga motocin kaya. A watan Yuli na 2025 ambaliya ta tafi da gadar Rasuwagadhi ɗungum, 'yan kasuwa da dama suka sake juyowa Kodari.