Bazawara A Majigi



An nemi in yi magana a kan wani fim na Amurka mai suna Joy, wanda ya fito a 2015, da yadda masu sharhi suka karɓe shi. Tarihin wata mata ce, Joy Mangano, wadda aurenta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya uku. A 1990 ta ƙirƙiro tsumman goge ɗaki mai sanda, wanda ake matsewa ba tare da hannu ya taɓa ruwa ba. Ta kai shi tashar talabijin ta QVC, inda ake tallan kaya, ta yi arziki. Jennifer Lawrence, wadda ta fito a matsayinta, ta sami lambar Golden Globe. Amma fim ɗin kansa ya raba kan masu sharhi. Wasu suka ce wanda ya shirya shi, David O. Russell, ya ɓata lokaci a kan rigimar dangi. Wasu suka kama shi da sauya gaskiya, don ya mai da 'ya'yan biyu, ya kuma ƙago mata 'yar uba mai hassada.

Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, da wuya a ɗauki mace mai sana'a a majigi sai ta zama attajira.

To, mu dawo gida, mu dubi ƙauyukan arewacin Kano, wajen Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba a barin saura. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuni ne rabonta, in da kishiyoyi kuma su raba. Wadda aka saka kuwa, da kayan ɗakinta kaɗai take fita. Sai ta sayar da akuya ko ta kwashi adashi, ta auno gyaɗa, ta soya, ta kai niƙa, ta tuƙa har mai ya fito, ta mulmula tunkuza ta yi ƙuli-ƙuli. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a 1969 cewa wannan ciniki na cikin gida ɓoyayye ne. Ɓoyayye ga baƙo ke nan. Mu da shi aka saya mana litattafai.

Kuma akwai abin da mai majigi zai so ya rufe: wa ke ɗaukar tallan? 'Yarta ce, 'yar shekara tara ko goma, da faranti a ka lokacin da sa'o'inta ke aji. Ribar uwar daga karatun 'yar ake yankarta.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fi kusantar gaskiya a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, wanda aka mai da fim a 1998. Ko da yake ƙagaggen labari ne, kuma na birni, mun ga Rabi, da miji ya kora da 'ya'ya tara, tana sayar da abinci. Amma ko a can, sauƙin bai zo sosai ba sai da 'yarta Saudatu ta auri mai hali.

Saboda haka, ranar da wani zai yi fim a kan ɗaya daga cikin iyayenmu mata, ku da za ku rubuta sharhi kada ku tsaya ƙirga 'ya'ya kamar na Amurka. Ku tambaya: tiya nawa ta auno, kwalba nawa ta samu, nawa ya saura bayan an fid da kuɗin itace da na niƙa, kuma yarinyar ta koma makaranta?